Sifirin Bindiga da Doguwar Ajiya: Abin da Birmingham da Manchester Suka Gano

A duk inda masu riƙe da bindiga bisa doka suka haɗu, soja ne ko ɗan sanda, maharbi ne ko ma'aikacin gidan tarihi, akwai wata gardama da ba ta tsufa. Wasu na cewa idan aka cika gidan harsashi aka ajiye shi shekara da shekaru, sifirin da ke ciki zai gaji, ranar da aka neme shi ya kasa turo harsashi. Don haka suke zazzage shi lokaci-lokaci wai ya huta, sannan su sake cikawa. Wasu kuma na cewa ƙarfe bai san gajiyar zama ba, wannan cikawa da zazzagewar ma ita ce ke cin kwanansa. Gardamar ba ta tsaya nan ba, ta kai ga sifirin da ke buga allura: a bar bindiga a ɗane, ko a sauke ta kafin a kulle ta a akwati?

Birane biyu na Ingila suna da ta cewa a wannan magana fiye da kusan ko'ina. Birmingham ta haura shekara 300 tana ƙera bindigogi. Manchester kuwa nan ne aka yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen farko a kan yadda ƙarfe ke karyewa idan an yi ta ɗora masa kaya ana saukewa. Idan aka haɗa ilimin biranen biyu, amsar da ke fitowa ita ce: sifirin da aka ƙera da kyau, zama a matse ba ya kashe shi. Abubuwan da ke kashe shi su ne yawan kai-da-komo, tsatsa, zafi mai tsanani, matsi fiye da ƙima, da ha'inci ko kuskure wajen ƙira. Wannan amsa kuma tana da nauyi ga rayukan mutane, domin ma'anarta ita ce tsohuwar bindiga ba ta mutuwa don ta daɗe a ajiye.

Aikin sifirin da iyakarsa

Bindiga cike take da sifirin. Akwai wanda ke tara ƙarfin da za a buga allura da shi, akwai wanda ke mayar da kunama mazauninta, akwai wanda ke dawo da sassan da harbi ya tura baya, akwai kuma dogon da ke kwance a gidan harsashi yana ɗaga harsasai ɗaya bayan ɗaya. Wasu murɗaɗɗen waya ne, wasu falle ne da aka naɗe gida biyu.

Ƙa'idar da dukansu ke bi, Robert Hooke ne ya bayyana ta a shekarar 1678: gwargwadon matsi, gwargwadon lanƙwasa, kuma da zarar an ɗauke matsin ƙarfe zai koma yadda yake. Sai dai ƙa'idar tana da iyaka. Ƙasa da wannan iyaka, ƙwayoyin zarran ƙarfen suna ɗan matsawa ne kawai daga mazauninsu su dawo. Sama da ita, sahu-sahun ƙwayoyin suna zamewa a kan juna, kuma abin da ya zame ba ya komawa. Wannan shi ne lanƙwasa ta dindindin.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba sa lura da shi. Taurin kan da ƙarfe ke nunawa idan an matsa shi ba ya raguwa da shekaru ko da aiki. Sifirin da ake cewa ya yi laushi, in an auna shi, za a tarar gajarta ya yi. Tunda tsawonsa ya ragu, matsin da yake yi a cikin mazauninsa ya ragu. Shi ya sa masu gyaran makamai suke auna tsawon tsohon sifirin su gwada da na sabo, maimakon su dogara da abin da yatsa ya ji.

Birmingham: bugu ɗaya mai ƙarfi

Tun ƙarshen ƙarni na 17 maƙeran Birmingham suke karɓar kwangilar bindigogi daga gwamnatin Ingila. Sana'ar ta tattaru a unguwar da ke kewaye da cocin St Mary, kuma an rarraba ta gunduwa-gunduwa: mai bututu daban, mai sassaƙa ƙota daban, mai gogewa daban, mai haɗawa daban. Injin kunama da sifirinsa galibi daga garuruwan maƙwabta ake kawo su, irin su Darlaston da Wednesbury da Wolverhampton. A wannan yanki ne kuma manyan kamfanonin sifirin suka tashi, kamar Salter na West Bromwich da Terry na Redditch.

Afirka ta Yamma tana cikin wannan tarihi, kuma ba ta hanya mai daɗi ba. A ƙarni na 18 dubban bindigogin toka na Birmingham suna sauka gaɓar teku kowace shekara, ana musayarsu da bayi, wasu kuma su bi hannun fatake su shiga cikin ƙasa. Da yawansu kayan araha ne, masu fashewa a hannun mai harbi. Rashin ingancin irin waɗannan kaya yana cikin abin da ya zubar da sunan garin, har manyan maƙeransa suka nemi majalisar dokoki ta kafa musu gidan gwaji. A 1813 aka buɗe shi a titin Banbury, kuma har yau yana aiki. Doka ta hana sayar da bindiga a Birtaniya sai tana ɗauke da hatimin gwaji, na Birmingham ko na Landan ko na wata ƙasa da aka amince da ita.

Yadda ake gwajin shi ne a harba bindigar da harsashi na musamman wanda ƙarfinsa ya ɗara na yau da kullum da kamar kashi ɗaya bisa huɗu ko fiye, sannan a duba ko wani abu ya tsage ko ya kumbura. Tambayar da wannan gwaji ke amsawa ita ce ko ƙarfen zai jure babban bugu sau ɗaya. Tambaya ce mai muhimmanci, ta ceci hannaye da idanu masu yawa. Amma ba ta ce komai ba a kan ƙarfen da ake yi wa ƙaramin bugu sau dubu ɗari, kuma rayuwar sifirin ke nan.

Manchester: ƙaramin kaya sau miliyan

Jirgin ƙasa ne ya tilasta wa injiniyoyi yin tambaya ta biyu. A watan Mayun 1842 sandar ƙafafun wani jirgi ta karye a hanyar Versailles zuwa Faris, mutane fiye da 50 suka halaka. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne irin waɗannan sanduna suna karyewa ne a ƙarƙashin nauyin da suka saba ɗauka kullum, ba tare da an ƙara musu komai ba.

William Fairbairn, ɗan Sikotland da ya kafa masana'antarsa a unguwar Ancoats ta Manchester, ya ɗauki wannan matsala da gaske saboda gadojin jirgin ƙasa. Daga 1860, da goyon bayan Hukumar Ciniki ta Birtaniya, ya haɗa wata azarar ƙarfe mai tsawon kamar ƙafa 22, ya sa na'ura tana ɗora mata nauyi tana saukewa ba dare ba rana. Da ya kai nauyin kashi biyu bisa biyar na abin da zai karya ta a bugu ɗaya, ba ta wuce ɗorawa dubu biyar da 'yan kai ba ta karye. Aka gyara ta aka koma kashi ɗaya bisa huɗu, ta jure fiye da sau miliyan uku. Aka ɗaga zuwa kashi ɗaya bisa uku, ta karye bayan kamar sau 313,000. Ya wallafa sakamakon a 1864.

A daidai wannan lokaci August Wöhler yana irin wannan aiki a Jamus a kan sandunan ƙafafun jirgi, kuma zuwa 1870 ya tabbatar da abubuwa biyu. Na ɗaya, abin da ke karya ƙarfe shi ne yawan maimaitawa haɗe da tazarar da ke tsakanin mafi ƙarancin matsi da mafi yawansa. Na biyu, baƙin ƙarfe yana da wani mataki wanda in matsi bai kai shi ba, zai jure maimaitawa kusan ba iyaka. A 1903 masana biyu, Ewing da Humfrey, suka ga abin da idonsu ta madubin ƙara girma: ƙananan layuka suna bayyana a fatar ƙarfe, suna zama tsaga, tsagar tana ƙara shiga da kowane lanƙwasawa har abin da ya rage ya kasa riƙewa. Jiragen sama samfurin Comet guda biyu da suka tarwatse a sararin sama a 1954 sun sake koya wa Birtaniya wannan darasi da tsada.

Abin lura ga mai tambaya a kan ajiya shi ne, a duk waɗannan gwaje-gwaje motsi ake ƙirgawa, babu mai ƙirga kwanaki. Tsagar gajiya tana buƙatar a buɗe ta a rufe ta kafin ta ci gaba. Sifirin da ke zaune a matse, ko na wata ɗaya ne ko na shekara 20, zagaye ɗaya tak ya yi. Wanda ake zazzagewa ana cikawa kowane mako na shekara 20 kuwa ya yi zagaye 1,040. Mai hutar da sifirin ta wannan hanya, aiki yake ƙara masa.

Mota ta ishe mu shaida. Sifirin ƙafafunta yana ɗauke da nauyinta tun ranar da ta fito daga masana'anta, ko tana tafiya ko tana fake, kuma babu mai ɗage ta da dare don ya huta. A cikin injinta kuma, duk lokacin da aka kashe shi, wasu sifirin bawul suna tsayawa a matse har a sake tayarwa. Idan injin yana juyi 3,000 a minti ɗaya, kowane bawul yana buɗewa sau 1,500, wato sau 90,000 a awa, miliyan guda cikin kamar awa 11. Suna jure wannan ne domin an tsara su su yi aiki ƙasa da matakin da Wöhler ya gano. Sifirin gidan harsashi bai samu wannan gata ba. Ana so ya yi doguwar tafiya a cikin ƙuntataccen wuri, don haka yana aiki kusa da iyakarsa, kuma kwanansa na aiki da dubbai ake lissafa shi.

Tambaya ta uku: lokaci

To ashe masu tsoron ajiya ba su da hujja ko kaɗan? Suna da ita, sai dai sunan cutar ne suka sauya. Ƙarfen da aka bari a matse yana iya ɗan saki, wato wani ɓangare na lanƙwasar wucin gadi ya rikiɗe a hankali ya zama na dindindin. Wannan daban yake da gajiya, kuma abubuwa uku ke tafiyar da shi: zafi, yawan matsi, da irin ƙarfen.

A ɓangaren zafi, baƙin ƙarfe ba ya fara miƙewa sosai da kansa sai wajen digiri 400 a ma'aunin Salshiyas. Wayar sifirin ta yau da kullum, mai sinadarin kabon kamar kashi 0.7 zuwa 1 cikin 100, masu ƙira ba sa son ta yi aiki sama da kamar digiri 120, wadda aka gauraya da kuromiyom da silikon kuma tana jure kusan ninki biyu na hakan. Ɗakin ajiya a Manchester, ko ma a Sakkwato cikin watan Afrilu, bai kusa da waɗannan alƙaluma ba. A zafin ɗaki sakin da sifirin kirki ke yi ɗan kaɗan ne, kuma mafi yawansa a farkon matsewa yake faruwa, daga nan ya yi ta raguwa. Asarar shekara ta goma ba ta kama ƙafar ta makon farko ba. Masana'antun kirki ma suna riga lokaci: suna yin sifirin ya ɗan fi tsawo, su matse shi har ƙarshe tun a masana'anta, ya yi sakinsa ya gama kafin ya bar hannunsu.

A ɓangaren matsi ne ake samun bambanci tsakanin ƙira da ƙira. Idan mai zane ya cusa harsasai da yawa a gajeren gida, sifirin zai kai bakin iyakarsa duk lokacin da aka cika shi, kuma irin wannan zai fi saki a ajiya. Haka bindigar iska mai sifirin, wadda kamfanonin BSA da Webley na Birmingham suka shahara da ita tun farkon ƙarni na 20. Babban sifirinta yana matsewa kusan har ƙarshe idan an ɗana ta, shi ya sa masu ƙera ta suke gargaɗin kada a bar ta a ɗane.

A ɓangaren ƙarfe kuwa, komai ya rataya ne a kan wuta. Ana gasa sifirin a tsoma shi a mai ya yi tauri, sannan a sake ɗumama shi daidai gwargwado don ya rage gautsi. In ɗumamawar ta yi yawa, zai yi laushi ya riƙa saki. In ta yi kaɗan, zai yi gautsi ya ɓalle. Yawancin labaran sifirin da ya mutu a ajiya, in an bi diddigi, daga nan suka samo asali.

Akwai yanayi biyu da ƙarfe ke karyewa yana zaune ba motsi, kuma wajibi ne a ambace su. Na farko yana faruwa idan an yi wa sifirin rufin zinki ko kadmiyom ta hanyar lantarki, iskar haidirojin ta shige cikinsa, ba a gasa shi bayan nan don ta fita ba. Irin wannan yakan tsinke cikin awoyi ko kwanaki bayan an matse shi. Na biyu shi ne haɗuwar matsi da sinadari mai cin ƙarfe. Sojojin Birtaniya a Indiya sun sha ganin kwanson harsashi na tagulla yana tsagewa da kansa lokacin damina, sai a 1921 masana suka tabbatar cewa ammoniya ce ke haddasa hakan, irin wadda ke tashi daga fitsarin dawaki a bargar da ake ajiye kayan.

Haka nan ba kowane laifi ne na sifirin ba. Leɓɓan gidan harsashi, waɗanda ke riƙe harsashi na sama, suna shan matsi muddin gidan yana cike. In na roba ne ko na siririn alminiyom, suna iya buɗewa a hankali, domin roba tana miƙewa ko a zafin ɗaki. Tsohon mai da ya daskare ya zama danƙo, da ƙura, da ɗan lotsawa a jikin gidan, duk suna hana abin ɗagawa tafiya, a ƙarshe a ɗora wa sifirin laifin da ba nasa ba.

Al'adun bariki da asalinsu

Tsoron gajiyar sifirin bai faɗo daga sama ba, barikin soja ne ya raine shi. Bindigar Lee-Enfield mai cin harsashi 10, wadda masana'antar BSA ta ƙera da yawa a Small Heath da Shirley na yankin Birmingham, ita da bindigar Bren su ne dakarunmu na Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka riƙe a dazukan Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Gidan harsashin Bren na 30 ne, amma an saba zuba masa 28 ko ƙasa da haka. Na bindigar Sten 32 ne, shi ma ba a cika shi. Sojojin Amurka a Biyetnam sun riƙa zuba 18 a gidan bindigar M16 mai cin 20. Dalilan sun haɗa da rage matsi a kan sifirin da aka ƙera cikin gaggawar yaƙi, da rage cushewa, da sauƙaƙa shigar gidan mazauninsa. Dabara ce da ta dace da waɗancan kaya a wancan lokaci, daga baya aka mayar da ita hukunci a kan kowane irin ƙarfe.

Har yau a faretin sojan Birtaniya akwai umarnin a sassauta sifirin bayan an duba makami. Babban amfaninsa shi ne tabbatar da cewa bindiga ba ta ɗauke da harsashi kuma ba a ɗane take ba. Maharban tsuntsaye na Ingila su ma suna da al'adar sauke sifirin bindiga mai baki biyu kafin su ajiye ta bayan kakar farauta, alhali akwai bindigogin kamfanonin Westley Richards da Greener da suka haura shekara 100 da sifirinsu na asali, wasu an sauke su, wasu ba a taɓa damuwa ba. Koken da aka yi da bindigar sojan Birtaniya SA80 bayan yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya shafi gidajen harsashinta, kuma gyaran da kamfanin Heckler & Koch ya yi daga shekarar 2000 ya haɗa da sauya su da na baƙin ƙarfe masu inganci. Da sabuwar ƙira aka magance matsalar, ba a nemi soja ya riƙa hutar da sifirin ba.

Tsatsa, babbar abokiyar gaba

Idan ana neman abin da ajiya ke yi wa sifirin da gaske, a dubi laima. Baƙin ƙarfe yana fara tsatsa da sauri idan danshin iska ya haura kamar kashi 60 cikin 100, musamman in akwai gishiri ko hayaƙin gawayi a iskar. Manchester ta san wannan tun da daɗewa: a can ne Robert Angus Smith ya yi nazarin ruwan sama mai asid tun 1852, lokacin da hayaƙin masaƙu ya rufe birnin. Hayaƙin ya tafi, amma laimar Ingila tana nan a rufin ɗaki da gareji da ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Hatsarin tsatsa ga sifirin ya fi na sauran sassa, domin matsi mafi tsanani a fatar waya yake taruwa. Ɗan ramin tsatsa da ido bai cika gani ba shi ne ƙofar da tsaga ke shiga. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Sifirin da ya yi shekaru a wuri mai laima yana iya fitowa da cikakken ƙarfinsa, sannan ya karye bayan ɗan aiki kaɗan, mai shi ya ce ajiya ce ta gajiyar da shi. Gaskiyar ita ce tsatsa ta haƙa ramin, motsi ya ƙarasa. Wannan ne ya sa gidajen tarihi da rumbunan soja suke kashe kuɗinsu a kan busar da iska, da shafa siririn mai ko kakin kariya, da takarda mai hana tsatsa, da duba kaya a kan kari, da hana taɓa ƙarfe da hannu tsirara saboda gishirin gumi.

Inda maganar ta shafi rai

A Birtaniya ta yau wannan tambaya ba ta cika damun farar hula ta fuskar shirin harbi ba. Dokar Makamai ta 1968 ta ɗaure mallakar bindiga da lasisi, wanda ake sabuntawa duk shekara biyar, da sharaɗin a kulle ta inda wani ba zai kai gare ta ba. Bayan kisan gilla da bindiga da aka yi a garin Hungerford a 1987 aka haramta manyan bindigogi masu ɗana kansu, bayan na makarantar Dunblane a 1996 kuma aka haramta kusan dukan ƙananan bindigogin hannu. Wanda ke bin doka ba ya ajiye makami cike da harsashi.

Inda ilimin ƙarfe ya yi tasiri shi ne wajen tsofaffin bindigogi. Dokar 1968 ta bar ƙofa ga kayan tarihi: ana iya mallakarsu ba lasisi a matsayin ado, bisa tunanin cewa an daina yin harsashinsu. Amma injinsu lafiya lau yake. Hukumar NABIS, mai binciken harsasai da makaman da aka yi laifi da su, wadda ta fara aiki a 2008 da ɗakunan bincike a Birmingham da Manchester, ta riƙa ganin bindigogin zamanin Sarauniya Victoria suna bayyana a wuraren da aka yi harbi. A ƙarshen 2017 kotun Birmingham ta ɗaure wani dillalin makamai daga Gloucestershire shekara 30 saboda wadata gungun miyagu da irin waɗannan bindigogi da harsasan da ya haɗa musu. A 2021 gwamnati ta tsaurara dokar: ta ƙayyade cewa sai abin da aka ƙera kafin 1 ga Satumban 1939 zai iya shiga sahun kayan tarihi, ta kuma cire nau'o'in harsashi bakwai daga jerin waɗanda aka yafe. Duk lokacin da 'yan sanda suka buɗe makonnin miƙa makamai, kamar na Nuwamban 2017, cikin abin da jama'a ke kawowa har da bindigogin yaƙin duniya da kakanni suka dawo da su aka manta a rufin ɗaki. Jami'an da ke karɓarsu suna ɗaukar kowace a matsayin mai iya tashi, kuma sun yi daidai.

Mu ma wannan ya shafe mu. A gidajen maharba da na tsofaffin sojoji, da wajen 'yan bindigar fada masu harba albarushi a hawan Sallah a Kano da Katsina da Zazzau, akwai bindigogin gado da ke rataye wata da watanni ba a taɓa su ba. Bushewar hunturu tana kiyaye ƙarfe fiye da yanayin Ingila, sai dai ƙurarsa tana haɗuwa da mai ta toshe sassa, laimar watan Agusta kuma tana cin abin da ba a shafa wa mai ba. Bindigar harba-ka-ruga da aka ɗura aka jingine tana iya tashi bayan shekaru, domin albarushi in bai jiƙe ba ba ya lalacewa da wuri. In kuma tsatsa ta ci bututunta daga ciki, a hannun mai harbi za ta fashe.

Saboda haka hukuncin a taƙaice yake. Ga hukumomin da doka ta ɗora wa ajiye makamai, abin yi shi ne sayen kaya masu inganci, busar da rumbu, auna sifirin a kan kari, da sauya wanda ya gajarta ko ya yi tsatsa, tunda shi ne sashe mafi araha a jikin makami. Ga magidanci kuwa, kada ya yarda da zancen cewa tsufa ya kashe bindigar da ya gada. Ya nesanta ta daga yara, kada ya gwada ta don ya ga ko tana aiki, ya nemi lasisi in doka ta ba shi dama, in ba haka ba ya miƙa ta ga hukuma. Ƙarfen da maƙeri ya ba haƙƙinsa yana riƙe ƙarfinsa fiye da tsawon ran wanda ya saye shi, kuma alhakin wannan ƙarfi yana wuyan duk wanda ya gaje shi.